Ruwan da Kasuwa Ke Sha: Waiwaye Daga Ƙasar Roni

Daga watan Janairu zuwa ƙarshen Maris, duk motar da ta ɗauki kayan gwari daga ƙasar Roni ko Kazaure ta nufi kasuwar 'Yankaba a Kano, ko ta miƙe har Mile 12 a Legas, da lissafinta take tafiya. An san kwando nawa aka ɗora mata. An san kuɗin mota da la'adar dillali da ladan 'yan lodi. Shi ma manomin ya san buhun taki nawa ya zuba, lita nawa ta fetur injinsa ya sha, yini nawa 'yan ƙwadago suka yi masa. Ruwa ne kaɗai ba ya cikin lissafin kowa, alhali ya fi duk sauran yawa a cikin abin da aka kashe kafin tumatirin ya nuna. A ganina wannan giɓi ya isa a tsaya a kansa, domin babban canjin da ya sami wannan yanki cikin shekara hamsin shi ne kasuwa ta tashi daga cin amfanin ruwan damina ta koma shan ruwan da ƙasa ta ajiye don rani, mu kuwa har yau da buhu da kwando muke awo kamar yadda kakanninmu suka yi.

Kasuwa ba baƙuwa ba ce a wannan ƙasa. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, manomin masarautar Kazaure yake noma wa mutanen da bai taɓa gani ba. Gyaɗar da aka riƙa tarawa dala-dala a Kano ta fito daga gonaki irin nasa, haka auduga, haka fatu da ƙiraga. Sai dai duk wannan ciniki a kan ruwan sama aka gina shi. Gyaɗa tana shan abin da ya zubo a kanta daga Yuni zuwa Satumba, in an cire ta an gama, rijiyar gari ba ta san an yi ba. Noman rani akwai shi, amma lambu ne a bakin fadama, kuma jigo ke shayar da shi: doguwar sanda a kan gwafa, da curin laka ko dutse a gindinta, da guga a ƙarshenta. Mai lambu ya ja igiya guga ya nitse, ya saki nauyin gindi ya ɗago masa, ya juye a 'yar kwata ruwa ya bi fangali ɗaya bayan ɗaya. Daga asuba zuwa hantsi kafaɗa ta gaji. Ko albasa ta yi tsada kamar me a birni, ƙarfin wannan kafaɗa ne iyakar abin da za a ɗiba, don haka tsadar kaya ba ta da hanyar da za ta bi ta kai ga zurfin rijiya.

Wannan iyaka ta yi wa yankin rana fiye da yadda aka lura, saboda yanayin ƙasarsa. Roni da Gwiwa da Kazaure ƙasar duwatsu ce. A ƙarƙashinta akwai tsohon dutse mai tauri, ruwa kuwa yana maƙalewa ne a cikin ruɓaɓɓen saman dutsen da tsagoginsa, da kuma yashin da ke kwance a gadon ƙoramu. Shi ya sa za a haƙa burtsatse a nan a samu, a matsa kaɗan a haƙa a tashi a tutar babu. In aka nausa gabas, daga wajen Babura zuwa Gumel da Haɗeja, sai a shiga ƙasar yashi mai kauri wadda ta fi riƙe ruwa. Ma'ajin Roni ƙarami ne, damina ke cika shi shekara-shekara, kuma abin da aka ɗiba a Janairu shi ne ba za a tarar ba a Afrilu.

Farin 1972 zuwa 1974 ne ya fara juya akalar. Gwamna Audu Bako, wanda ya riƙe tsohuwar Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, ya ɗauki gina madatsun ruwa a matsayin maganin yunwa. An kammala Tiga a 1974, Tomas da Gari da Watari suka biyo, Kazaure ma ta sami nata dam. A 1976 aka kafa hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are. Bayan farin 1983 da 1984 sai ga abin da, a nawa hange, ya fi dam ɗin tasiri a rayuwar ƙaramin manomi: ɗan injin ban ruwa mai shan fetur, da gajeriyar rijiyar bututu da ake kafawa a fadama cikin yini ɗaya. Hukumar raya noma ta Jihar Kano, KNARDA, ta yaɗa su a shekarun 1980, shirin Fadama na Bankin Duniya ya ɗora daga farkon shekarun 1990. Abin da jigo ke ɗagawa a yini, inji na zubar da shi kafin a gama gaisawa da maƙwabcin gona. A daidai wannan lokaci bakin mutane ma ya canza. Shinkafa da a da sai Sallah ko biki ta zama cimar yau da kullum. Burodi da taliya suka shiga kowane gida, miyar tumatir ta raba gari da kuka da kuɓewa. Ƙasar da ƙidayar 1963 ta ba mutum miliyan 55 da 'yan kai ta haura miliyan 200, kuma da yawansu a birni suke, saye suke yi. Gwamnati ta yi ta ƙara wa wannan buƙata ƙarfi da hannunta: hana shigo da alkama a 1987, hana wa masu shigo da shinkafa da tumatirin gwangwani kuɗin waje a 2015, shirin rancen manoman shinkafa da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015 ɗin, rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Aikin noman rani na Gari, wanda filayensa suka shafi ƙasar Roni da Kazaure da ɓangaren Kano, ya yi shekaru a yashe kafin a farfaɗo da shi zamanin da Injiniya Suleiman Adamu, ɗan Kazaure, yake ministan albarkatun ruwa. Kowanne daga cikin matakan nan an auna nasararsa da tan da kadada da yawan manoman da suka amfana. Kowannensu kuma umarni ne na a ƙara ɗibar ruwa a watannin da sama ba ta bayarwa.

Hanyar auna wannan ɗiba akwai ta, kuma ba sabuwa ba ce. A farkon shekarun 1990 Farfesa Tony Allan na Landan ya lura cewa ƙasashen Gabas ta Tsakiya sun daɗe da rasa ruwan da zai ciyar da jama'arsu, amma ba su shiga yunwa ba, saboda alkamar da suke saya daga waje ta riga ta sha ruwan wata ƙasa. Ya nuna cewa kowane buhun hatsi da ya ƙetare iyaka yana ɗauke da ɓoyayyen ruwa, kuma wannan aiki ya jawo masa lambar yabon ruwa ta Sitokholm a 2008. Arjen Hoekstra na Holan ya mayar da tunanin lissafi daga 2002, shi da Mesfin Mekonnen suka fitar da matsakaicin duniya na kusan kowane amfanin gona. Kilo ɗaya na gyararriyar shinkafa, lita kusan 2,500. Alkama, wajen 1,800. Tumatir, 200 da 'yan kai. Naman shanu, sama da 15,000. Su ne kuma suka ƙiyasta a 2016 cewa mutum biliyan 4 na fuskantar matsanancin ƙarancin ruwa aƙalla wata ɗaya a shekara. A 2017 Carole Dalin da abokan aikinta suka nuna cewa kusan kashi 11 cikin 100 na ruwan ƙarƙashin ƙasa da ake zuƙewa don ban ruwa fiye da yadda yake dawowa yana tafiya ne cikin abincin da ake kai wa kasuwannin duniya, kuma Pakistan da Amurka da Indiya ke kan gaba wajen fitar da shi.

Waɗannan alƙaluma suna da ban tsoro, amma in an ɗauke su tsurarsu za su ɓatar da mu. A jadawalin su Hoekstra, kilon gero yana cin lita kusan 4,500, dawa wajen 3,000, riɗi kuwa ya haura 9,000. Wanda ya tsaya a nan zai ce gero ya fi shinkafa ɓarnar ruwa, ya ce riɗin Jigawa da ake kai wa Japan da Sin da Turkiyya ya fi tumatir ƙarar da mu. Duk wanda ya san gona ya san ba haka ba ne. Gero da riɗi da zoɓon da ake tura wa Meziko ruwan sama suke sha a inda ya sauka, ruwan da in ba su sha ba ciyawa za ta sha ko rana ta ƙone shi. Tumatirin Fabrairu kuwa kowane ɗigonsa daga dam ko rijiya ko gadon ƙorama aka zuƙo shi, wato daga tukunyar da mutum da dabba ke sha. Masanan sun san haka, shi ya sa suka raba lissafinsu gida-gida, na ruwan sama daban, na koguna da rijiyoyi daban. Mu ma wannan rabo ba baƙo ba ne a wurinmu. Babin zakka ya bambanta hatsin da sama ta shayar, a fitar da ɗaya bisa goma, da wanda aka shayar da wahala, a fitar da ɗaya bisa ashirin. Kowane manomi a Amaryawa ko Gora ya san buhun damina da buhun rani ba hukuncinsu ɗaya ba. Abin da hukuncin ya duba shi ne wahalar mai ɗiba. Abin da ya rage mana mu duba shi ne halin da ma'ajin ke ciki bayan an ɗiba.

Lissafin ba ya buƙatar kwamfuta. Ruwa mai kaurin milimita ɗaya a kan kadada ɗaya lita 10,000 ne. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa tumatir na buƙatar milimita 400 zuwa 800 daga dashe zuwa ƙarshen tsinka. Mu ɗauki tsakiya, 600. Kadada ɗaya ke nan ta sha lita miliyan 6, jarka 240,000 irin ta 'yan garuwa mai cin lita 25, kuma wannan abin da shukar da rana suka kwashe ne kawai, ban da wanda ya zurare a kwata. Hukumar Lafiya ta Duniya na ganin lita 50 a rana ce farkon abin da zai wadatar da mutum a sha da girki da wanka da wanki. A kan wannan ma'auni, kadada guda ta tumatir ta shanye ruwan ƙauye mai mutum 1,000 na wata huɗu. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Roni ɗan ƙasa da mutum 80,000, don haka kadada 100 kacal sun yi daidai da ruwan gidajen jama'ar wancan lokaci gaba ɗayansu na wata biyar. Shinkafar rani, da ake tsayar wa da ruwa a fangali cikin zafin bazara, ta fi haka ci. Daga wannan lissafi abubuwa biyu ke fitowa da suka shafi aljihun manomi kai tsaye. In kadadar ta ba da tan 10, kowane kilo ya ci lita 600, in ta ba da tan 20, ya ci 300, ga shi ruwan da aka zuƙo ɗaya ne. Sannan ƙiyasin da aka fi ambata shi ne kusan kashi 40 cikin 100 na tumatirin Najeriya yana lalacewa kafin ya shiga tukunya. Kwandon kaba da ake jibga wani kan wani, na ƙasa ya matse ya yi ta tsiyaya tun daga Kazaure har Ilori, yana iya zubar da sama da lita miliyan 2 daga cikin miliyan 6 ɗin nan ba tare da kowa ya ci ba. Matan da ke yanka tumatir suna shanya kauɗa lokacin da kaya ya faɗi, ruwan rijiyarsu suke cetowa.

Abin da rashin wannan awo ke jawowa mun riga mun gan shi a cikin jiharmu ta Jigawa. Fadamun Haɗeja da Nguru, inda ambaliyar shekara-shekara ke ciyar da manoma da masunta da makiyaya, sun kai kadada 250,000 zuwa 300,000 a shekarun 1960 da 1970. Zuwa shekarun 1990 sun koma tsakanin 70,000 da 100,000. Fari na da hannu a ciki, madatsun Tiga da Challawa ma na da nasu. Masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa sun yi abin da ba a yi ba kafin a gina madatsun: suka tambayi nawa kowane ma'aunin ruwa ke haifarwa in an sake shi ya malala fadama, nawa kuma in an tare shi an shayar da filayen Kadawa da Kura. Suka tarar cewa a kan kowace lita, amfanin fadama na shinkafa da kifi da itace ya ninka na babban aikin ban ruwan sau da yawa. Dalilin da ya sa ba a ga haka da wuri ba shi ne amfanin Kadawa yana shiga mota a ƙirga shi, na fadama kuwa ana cinye shi a gida ko a sayar a kasuwar ƙauye. Daga baya ruwan da ake saki ba kan lokaci ba ya haifar da ciyawar kacalla, ta toshe hanyoyin ruwa, wasu garuruwa suka nitse wasu suka bushe. Kogin Gari bai kai Haɗeja girma ba, amma shi ma yana da na sama da na ƙasa, yana da mai inji da mai garke.

Za a ce, kuma da hujja, Jigawa ruwa ne ke cinye ta. An ga ambaliyar 2020 da ta 2022, gidaje sun rushe, gonaki sun tafi. Za a ƙara da cewa Najeriya ɗan ƙaramin kaso ne na ƙasar nomanta take shayarwa, kuma binciken masana ƙasa na Birtaniya a 2012 ya nuna Afirka na zaune a kan ɗimbin ruwan ƙarƙashin ƙasa. A kudu maso yammacin Nijar ma an auna an ga ruwan ƙasa yana ƙaruwa shekaru da dama. Duk wannan gaskiya ne, kuma ya isa ya hana mu yi wa mutane kururuwar cewa ruwa ya ƙare. Amma ambaliyar Agusta ba ta shayar da kowa a Afrilu sai gwargwadon abin da ƙasa da dam suka riƙe, ƙasar dutse kuwa kaɗan take riƙewa. Binciken na 2012 da kansa ya yi gargaɗin cewa rijiyoyi masu bayar da ruwa da yawa ba ko'ina ake samunsu ba, musamman a irin wannan ƙasa. Jimillar nahiya ko ta jiha ba ta ce komai ba game da fadama ɗaya a watan Maris. Shaidar ƙarancin a kusa take. Injin fetur ba ya iya zuƙo ruwan da ya wuce zurfin mita 7 zuwa 8, shi ya sa in bazara ta matso za ka ga an haƙa rami a gefen bututu, an saukar da inji ciki, in ruwa ya ƙara gudu a ƙara wa ramin zurfi. A cikin gari kuma igiyar guga ce ake ta yi wa ƙari, ƙulli bayan ƙulli. Wannan rami da wannan ƙulli awo ne da jama'a ke yi kowace shekara, sai dai ba wanda ke rubutawa, don haka ba a iya cewa bana ta fi bara ko shekara goma da suka wuce.

Wani zai ɗora laifin duka a kan sauyin yanayi. Zafi na ƙaruwa, damina na rikicewa, babu musu. Sai dai ruwan sama a yankin Sahel ya farfaɗo sosai daga ƙangin shekarun 1970 da 1980, yayin da yawan injuna da kadadun rani ya ninka ba adadi. In aka jingina komai ga sama, an zaɓi sanadin da ba mu da iko a kansa an bar wanda ke hannunmu. Akwai ma buƙatun birni da ba na abinci ba: tifofin da ke kwasar yashi daga gadon ƙoramu don buga bulo suna kwashe ainihin abin da ke riƙe ruwan rani.

Hujjar da ta fi nauyi a wurina ita ce ta talauci. Noman rani ya tsayar da samari da yawa da a da kaka na wucewa sai cirani. Ya gina ɗakuna, ya aurar, ya biya kuɗin makaranta. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma wanda ke zaune a ƙoshe ba shi da bakin ce wa mai lambu ya kashe injinsa. Ban da haka, shinkafar Tailan da Indiya da muka daɗe muna saya ruwansu muke sha da kuɗinmu, kuma ƙasa na da dalilai masu kyau na son ciyar da kanta. Na yarda da wannan duka. Amma daga nan ne ma buƙatar awo ke fitowa, domin in ma'aji ya ja baya ba kowa yake cuta daidai ba. Mai hali zai kira injin haƙa ya kafa burtsatse mai zurfi. Mai gajeriyar rijiya shi zai tsaya yana kallon tattasansa na yaushi ana saura sati uku tsinka, bayan ya zuba duk jarinsa. Makiyayi zai tarar da mashaya ta zama laka, daga nan rigima ke farawa. 'Yan mata za su ƙara nisan tafiya da jarka. Mai cin miya a Legas bai biya ko kwabo na wannan ba, domin farashin kwando ya ƙunshi fetur da taki da mota, ruwan kuwa kyauta ya same shi. Saudiyya ta bi wannan hanya da dukiyar da ba mu da ita: ta noma alkama a hamada har ta sayar waje, ta zuƙe ruwan da ya taru tun dubban shekaru, a 2008 ta yanke shawarar janyewa, zuwa 2016 ta daina sayen alkamar gida. Ita tana da kuɗin sayowa daga waje. Manomin Gwiwa in fadamarsa ta ƙafe ba shi da wata.

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne birkin da ya rage yana shirin tsinkewa. Bayan kafaɗar mai jigo, kuɗin fetur ne ya zama mai taka wa ɗiba birki. Kowace awa da inji ya yi yana aiki, manomi na jin ta a aljihu, kuma tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 ya ƙara ji. Yanzu injin sola na shigowa, gwamnatoci da ƙungiyoyi na rabawa, masu hali na saya. Alheri ne, kuma ina fatan ya kai ga kowane ƙaramin manomi. Amma da zarar an biya kuɗin faranti, awa ta goma da awa ta farko duk kyauta ne, babu abin da zai sa a kashe shi matuƙar rana na sama. Jihar Funjab ta Indiya ta ba manoma wutar ban ruwa kyauta daga 1997, gwamnati kuma na sayen shinkafa da alkama da farashi tabbatacce, ruwan ƙasa ya yi ta nitsewa shekara bayan shekara.

Manoma na da dalilin ɗari-ɗari da duk wanda ya zo da ma'auni, domin a ƙwarewarsu awo share fagen haraji ne. Ƙudurin dokar albarkatun ruwa ta ƙasa ya sha faɗuwa a majalisa tun daga 2018, kuma tsoron a ƙwace wa jama'a ruwansu na cikin abin da ya kayar da shi. Amma awo na iya zama na masu ruwan da kansu. Funjab ɗin nan, da abin ya ishe ta, ba kuɗi ta sa wa ruwa ba: dokar 2009 ta hana dashen shinkafa kafin 10 ga Yuni, don kada a yi ta shayar da ita cikin tsananin zafi. A jihar Andara Faradesh, cikin shekarun 2000, an koya wa manoma auna ruwan sama da zurfin rijiyoyinsu, suna rubutawa a allo a tsakiyar ƙauye, kafin shukar rani su zauna su kwatanta abin da ya shigo da abin da amfanin da suke niyya zai sha, wasu su sauya iri. Fiƙihunmu ma ya san rabon ruwa da ma'auni. Hukuncin da Muwaɗɗa ta kawo kan ƙoramun Madina shi ne na sama ya tare har ruwa ya kai idon sawu, sannan ya saki wa na ƙasa, kuma malamai sun gabatar da ƙishin mutum da na dabba a kan shayar da shuka.

Abin da Roni ke buƙata bai fi ƙarfinta ba. A zaɓi rijiyoyi ƙalilan a kowace fadama da kowane gari, a riƙa zura igiya mai alama ranar ɗaya ga wata ana rubutawa. A kafa sandar awo a dam, a san kadada nawa aka shuka da me a kowane rani. Kwalejin fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure da sabuwar jami'ar fasaha ta Babura suna da ɗaliban da za su iya tattara wannan su fassara shi, dagatai da sarakunan noma da ƙungiyoyin masu ban ruwa su riƙe littafin, a kuma ba ardo da matan gari wurin zama, tunda su ke fara jin ƙarancin. Masu injinan casar shinkafa da manyan dillalan gwari, waɗanda buƙatarsu ke tura inji aiki, su ne ya dace su ɗauki ɗan kuɗin da aikin zai ci. Lokacin fitar da sakamakon shi ne Oktoba, da ɗaukewar damina, sa'ad da manomi ke shawarar ko ya yafa irin tumatir, ko albasa wadda buƙatarta ba ta kai ta tumatir ba, ko alkamar da ke gama aikinta cikin sanyi, ko ya rage fili ya ƙara kula. In ya san tun lokacin cewa ruwan bana ya tsaya gaba ɗaya ƙasa da na bara, yana da zaɓi, kuma kuɗin iri da taki suna aljihunsa tukuna.